Bikin da Gwaggo Ta Yi wa Makaranta

Makon jiya 'yar wata ƙawata ta haihu a Gude. Na ɗaure turmin atamfa da sabulu a leda, na ce wa jikata ta nemo mini mai babur in je in kai biki. Yarinyar nan ta dube ni kamar na ce ta ɗaura wa jaki sirdi. Wai, "Hajiya, ai yanzu an daina wannan wahalar. Sun turo lambar asusu, a tura musu kawai." Na ce to madalla, sai ki haɗa da hannuna da zai karɓi jaririn da bakina da zai ci wainar, ki tura musu gaba ɗaya. Ta yi dariya ta wuce, tana ganin rigimar tsufa ce. Ni kuwa na zauna a bakin gado da ledar a cinyata, raina ya ɓaci ƙwarai, don na gane cewa yaran yanzu ba su san mene ne biki ba. Sun ɗauka kuɗi ne. A zaunen nan ne Gwaggo ta faɗo mini a rai.

A wani ƙaramin gari na tashi, ta wajen Lakwaya, inda ba agogo ke tayar da mutum ba. Kiran assalatu ne, sai kukan zakaru, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sannan luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane matar da ke daka daga yadda taɓaryarta ke sauka. Mu 'yan mata kafin mu ga hanyar makaranta sai mun cika randuna, mun share tsakar gida, mun kai wa awaki dusa. Ƙararrawar makarantarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin ɗorawa, kuma idan aka buga shi har mutanen gona suna ji. Karatu muna yi daidai gwargwado, amma in don Allah za a faɗi gaskiya, abin da ke jan ƙafarmu zuwa makarantar nan ranar Alhamis ce. Ran nan bayan an tashi ba a tafiya gida. 'Yan fareti su ɗauko ganguna da begila, 'yan ƙwallo su nufi fili, mu 'yan muhawara a jera mana benci a inuwa. Tsofaffi ma sukan jingine kekuna a bakin hanya su tsaya kallo, suna cewa boko wasa ne, amma ba sa tafiya sai an gama. Jikokina yanzu makarantar kuɗi suke zuwa a nan Kabo, gida ne mai ɗakuna aka mayar ajujuwa, ko wurin da yaro zai yi tsalle babu. Suna dawowa da jaka kamar ta masu tafiya Makka, su zube a gaban waya.

Ni baki ne ya kai ni muhawara. A gida bakin nan ya sha jawo mini ranƙwashi, don ba a faɗa ɗaya ban mayar da biyu ba. Malamin wasanninmu, wani siririn saurayi mai yawan dariya, shi ya ce abin da ake duka a gida a makaranta kyauta ake ba shi. Kowace shekara bayan kaka akan tara makarantun ƙasarmu a Gwarzo a yi gasa, fareti da ƙwallo da guje-guje da muhawara. Shekarar da na shiga ajin ƙarshe aka ce ni zan tsaya wa makarantarmu. Ban taɓa zuwa Gwarzo ba. Ina kwana ina tashi da ita, har awaki nake tsarewa ina yi musu jawabi.

Gwaggo yayar babanmu ce. Ta yi zaman aure shekara da shekaru, Allah bai ba ta haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, Baba ya ɗauke ni tun ina rarrafe ya ce, "Yaya, ga taki." A ɗakinta na girma, cikin ƙamshin gyaɗa, don sana'arta ke nan, matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Lokacin tara, wato hutun cin abincin ɗalibai, takan kai farantinta gindin ɗorawar makaranta, kuma yaron da ta ga ya raɓe ba ya saye, sai ta kira shi ta ce ya ɗanɗana mata ko gishiri ya ji. Aku take kirana. Mace ce marar yawan magana, amma ba ta da ƙiwar ƙafa. Duk inda aka haihu ko ake aure, daga garinmu har Mainika har rugagen da ke yamma da mu, Gwaggo tana can da ƙwaryarta a lulluɓe. Ka'idar biki kuwa kowace mace ta san ta: na kawo miki a ranar taki hidimar, idan tawa ta tashi ki mayar mini har da ƙari. Sauran mata suna kaiwa suna karɓa, yau suna gobe aure. Gwaggo kaiwa kawai take yi, tun kafin a haife ni. Kowa ya san rana ɗaya tak take jira a duniya, ranar aurena, ranar da ita ma za ta zauna a matsayin uwar biki a zo mata.

Ana nan sai zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo. Mu dai ba mu san wanda ya tsuke shi ba, mun ga dai abin ya tsuke mu. Sabulu ya zama abin ɓoyo, sukari sai a gidan mai hali, maza su yini a layi a dawo da gwangwanin madara ɗaya kamar an ci yaƙi. Daminar ma ba ta yi wani auki ba. Malamanmu sukan yi wata da watanni ba albashi, har alli sai da aka riƙa karya shi biyu. Gangunanmu suka yage ba mai gyarawa, ƙwallo ta fashe aka cusa mata tsumma, fararen kayan fareti suka koma launin ƙasa. Wata rana Hedimasta ya dawo daga ofishin ilimi a kan kekensa, ya tara mu ya ce bana gwamnati ba za ta aiko mota ba, ba za ta ba da ko sisi ba. Makarantar da ke son zuwa gasa ta kai kanta, ta ciyar da kanta. Ya ce idan ba mu je ba kuwa, shi bai ga amfanin zaman Alhamis ba, gara kowa ya tafi ya taya iyayensa aiki. Na yi kuka ran nan har Gwaggo ta ce in yi a hankali kada in jiƙa mata tunkuza.

Hedimasta mutumin kirki ne, ɗan birni, kuma bai zauna ba. Ya ce za a yi taron neman gudunmawa irin wanda ake yi a Kano. Aka aro lasifika, aka fito da bencina, aka sa wa dagaci kujera. Sai aka yi shela cewa duk wanda ya ba da wani abu za a faɗi sunansa da abin da ya bayar, kowa ya ji, a tafa masa. Shi a ganinsa girmamawa ce. Bai san mutanenmu ba. A shekarar da magidanci ke auna hatsi da tsoro, wa zai yarda a ɗaga murya a gaban surukansa a ce ga ɗan abin da ya iya? Mutum ya gwammace a ce bai zo ba. Ran taron kowa sai ya tuna yana da aiki a gona. Dagaci ya zauna, liman ya yi addu'a, 'yan tsirarun da suka zo suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa kama ruwa. Gwaggo na gindin ɗorawa da farantinta, tana kallon Hedimasta yana naɗe wayar lasifika shi kaɗai.

Aka yi kwana biyu. Ran nan da yamma muna murza ƙuli, mai yana tafasa a kasko, sai ta ce, "Ke Aku, matso nan."

Na matsa.

"Kin san duk bikin da na kai wa matan ƙasar nan, ajiyarki ce ko?"

"Na sani, Gwaggo."

"To ina so in kira shi yanzu. Zan yi wa makarantarku biki. Amma ki sani, sau ɗaya ake kiransa. In na kira shi yau, ranar aurenki ɗakinki zai yi fili kamar masallaci, ba kwalla ba tasa. Shi ya sa nake tambayar ki, don hakkinki ne."

Na ce, "Gwaggo, ni ba aure zan yi ba, Gwarzo zan je."

Ta ce, "Za ki yi, 'yar nema. Kuma za ki tuna da wannan maganar."

Na ce ai kwalla ba ta muhawara. Ta kai mini dukan wasa da bayan ludayi, ta ce in je in kira mata Baba. Shi Baba bai iya musu da yayarsa ba, ya dai sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kin duba kuwa? In matan nan ba su zo ba fa?" Ta ce, "In ba su zo ba na san matsayina." Mahaifiyata kuwa, Inna, ta yi kwana da kwanaki tana daka kamar turmin ne ya yi mata laifi, don ita kayan ɗakin 'yarta take gani suna tafiya a kan ganga da ƙwallo. Yau da na aurar da nawa 'ya'yan ban ga laifinta ba.

Gwaggo ta fasa jarinta kaf. Ta sayi goro na gayyata, ta sayi shinkafar waina, ta sa aka yi mata alkawarin nama. Da labari ya kai kunnen Hedimasta sai ga shi a zaure. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da gajiya da ɗalibai da sana'a, ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ki jefa jarinki a rijiya. Ni da na tara maza ban samu ba." Ta ce, "Malam, kai ka yi naka da lasifika. Bar ni in gwada nawa da waina." Sai ya ce to itace da ruwa a bar wa ɗalibansa. Haka aka yi kuwa, yara suka tara mata itace har ya fi zanar gidanmu tsawo.

Ni na raba goron, gida gida, ina cewa Gwaggo tana gayyata, ran Asabar za ta yi bikin makaranta. Wasu su karɓa su yi dariya, wasu su ce, "Bikin me?" in sake faɗa. Wadda ta fi ƙona mini rai wata ce da muke kira Mai Daddawa, ƙawar bikin Gwaggo tun suna amare, mace mai 'ya'ya da yawa da harshe kamar reza. Ta jujjuya goron a hannu ta ce, "Ki gaya wa Gwaggonki, biki na jego ne da na aure. Makaranta 'yar gwamnati ce, uwarta tana Kano. Don mutum bai sami abin goyo ba sai ya goya benci?" Matan gidan suka kwashe da dariya. Na juya na fito. Da na koma gida, da yake yarinta ba ta san abin da ake binnewa ba, na kwashe duka na faɗa wa Gwaggo. Ta juya mini baya ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ko wuta ba a hura ba. Ran nan na fara gane cewa abin ya wuce zancen mota da ganga. Matar nan tambayar garin take yi, ko duk zirga-zirgar da ta yi ta shekara da shekaru an ɗauke ta a bakin wani abu, ko kuwa kallon marar aikin yi ake yi mata.

Ran Asabar tun da sassafe tanda ta hau wuta. An share gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi har bakin zaure. Gwaggo ta sha lalle hannu da ƙafa, abin da ban taɓa gani ta yi ba, ta ɗaura atamfar da ta daɗe a ƙasan adaka, ta zauna a ɗakinta kamar kowace uwar biki. Hantsi ya yi, ba kowa sai 'yan'uwa na jiki da ba su da yadda za su yi. Rana ta take, tabarmi suna nan wayam, kaji na yawo a kai. Waina ta cika masakai ta fara hucewa, ina korar ƙuda da mafici ina leƙen ƙofa. Duk sallamar da na ji sai in zabura, in na duba yaro ne aka aiko sayen ƙuli. Inna ta daina harara, ta koma tausayi, wanda ya fi hararar ciwo. Aka kira azahar. Gwaggo ta yi salla ta daɗe a zaune, sannan ta kira ni da wata irin murya ƙasa ƙasa ta ce, "Aku, ɗauki wainar nan ki kai wa 'yan makaranta, kada ta lalace." Ban taɓa jin tsanar garinmu irin ta wannan lokacin ba.

Na ɗora masaki a ka ke nan zan fita, sai na ji guɗa daga bakin hanya. Na tsaya. Aka sake rangaɗa wata. Matan rugage ne, a jere, kowace da ƙwarya a ka, wata tsohuwa a gaba tana dogara sanda. Ashe jiran juna suka tsaya yi, ga nisa, ga tatsar safe. Tsohuwar ta shigo tana haki ta ce, "Ina uwar bikin? A ce mata mun makara, amma mun zo." Kafin su gama zama sai ga mutanen Mainika. Daga nan kuma sai garinmu ya fashe. Ashe tun safe matan garin a shirye suke, sun yi wanka sun ɗaure kayansu, kowace tana leƙe ta kafar zana, tana jiran wata ta fara fita don kada a ce ita ce ta je bikin benci. Da suka ji guɗar baƙi kunya ta juya, kowace tana sauri kada a ce baƙi sun riga ta. Kan ka ce kwabo gidanmu ba masaka tsinke, har sai da aka aro tabarmin masallaci.

Babu wanda ya faɗi sunan kowa, babu wanda ya tafa. Haka biki yake. Mace ta shiga ɗaki ta durƙusa, a gaisa, ta zaro abin da ta zo da shi daga ƙarƙashin mayafi ta tura gaban uwar biki, daga ita sai ita suka san mene ne. Mai kwanon gyaɗa da mai turmin atamfa ƙofa ɗaya suke fita, fuska ɗaya. A shekarar da maza suka ce babu, na ga abin da mata ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Dawa, gero, barkono, busasshiyar kuɓewa, man shanu, kaji a ɗaure, zaren saƙa, har sandunan sabulu da aka yi wata da watanni ana tattali. Ɗakin Gwaggo ya cika aka koma na Inna, Innar da yanzu ita ce kan gaba wajen rabon waina, tana cewa, "Ai dama na san za a zo." Gwaggo tana zaune tana amsa barka, ana ce mata, "Allah ya raya," tana cewa amin da gaske, hawaye na bin fuskarta ba ta ko sharewa.

Sai bayan la'asar muka ji kukan akuya a zaure. Mai Daddawa ce, tana jan wata jar akuya da ke turjewa. Kowa ya juyo yana kallon ta. Ta tsaya a ƙofar ɗaki, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Ni fa ba don makarantarki na zo ba. Sunan ɗana na fari kin zo, na bayansa kin zo, na auta cikin ruwan sama kika zo. Ban iya cin biki in goge baki ba." Gwaggo ta dube ta ta ce, "Shigo ki ci waina. Ta huce, ke kika ja." Aka fashe da dariya, ita ma Mai Daddawa ta yi, ta zauna ta ci har ta nemi ƙari.

Washegari maza suka rasa inda za su sa fuskarsu, don kowane gida matar ta dawo da labari. Mahauta suka aiko da fatu aka rufe ganguna. Tela ya ce a kawo yadi zai ɗinka kyauta. Mai lorin da ke kai kaya kasuwa ya ce a zuba masa mai kawai. Hedimasta da wasu dattawa suka kai kayan biki kasuwa suka sayar, aka sayo farin yadi da ƙwallo sabuwa fil da takalman roba, aka ware na abinci. Alhamis ta dawo da ƙarfinta. Idan aka buga sababbin gangunan nan har cikin cikinka kake ji, Baba ma da ke cewa shi bai ga abin kallo ba, na gan shi yana gyaɗa kai a bayan ɗorawa.

Ranar gasa muka hau lori muna waƙa, iska na kaɗa mana ɗankwali. Gwarzo ta yi mini girma, ga 'yan makarantun cikin gari da safa da takalma masu igiya suna kallon mu sama da ƙasa. A ƙwallo an ci mu, ba zan ɓoye ba, an ci mu da kyau. Amma a fareti yaranmu suka taka kamar ƙafa ɗaya gare su. Da aka zo muhawara aka ce damina da rani wanne ya fi, aka ba ni rani, aka ba wani yaro mai gilashi damina. Kowa ya ce an cuce ni, a gaban manoma wa zai kushe damina? Ya gama zuba bayaninsa aka tafa. Na miƙe, sai na tuna lallen Gwaggo, bakina ya buɗe. Na ce damina uwar wahala ce, rani ne ke cin abin da ta tara. Na ce a nuna mini wanda ya taɓa ɗaura aure yana tsakiyar noman farko, ko wanda soronsa ya taɓa rushewa saboda rana. Na ce shi kansa abokin karawata da a ce da damina aka kira taron nan, da yanzu yana gona da fartanya, ba gilashi ba. Fili ya ɗauki ihu, alƙalai suna dariya har da riƙe ciki. Da yamma aka haɗa maki, aka kira sunan makarantarmu, aka miƙa wa Hedimasta kofi. Mutumin nan mai nutsuwa sai ga shi yana tsalle da babbar riga.

Da muka iso gari rana ta yi sanyi. Malamin wasanni ya ce kada kowa ya watse, a ja layi. Muka shigo da fareti, ganga na tashi, begila na kuka, yara da manya suka biyo mu. Ba makaranta muka nufa ba, ƙofar gidanmu muka tsaya. Hedimasta ya yi sallama, Gwaggo ta fito da hannu duk mai. Ya durƙusa a gaban jama'a ya miƙa mata kofin ya ce, "Gwaggo, ga abin da 'ya'yanki suka samo." Ta karɓa ta jujjuya shi. Sai ta waiga cikin mata har ta hango Mai Daddawa, ta kwance gyalenta, ta sunkuya, ta ɗora kofin nan a bayanta ta goye shi tsaf, har da ɗan jijjigawa. Guɗar da aka yi ran nan ban sake jin irinta ba, kuma Mai Daddawa ce ta fara.

Maganar Gwaggo ba ta faɗi ƙasa ba. Da aurena ya zo ɗakina ya yi fili, dangin miji suka zo ganin ɗaki suna taɓe baki, na ji zafi har na shiga bayan ƙyaure na yi kuka. Amma ko a lokacin da za a ce in mayar da Gwarzo in karɓi kwalla, ba zan karɓa ba. Bikin makaranta kuwa ya zama al'ada, kowace kaka wata mace ta karɓi uwar biki, aka yi shekaru ana yi. Daga baya abubuwa suka sauya. Zamanin da Shari'a ta dawo aka rage kiɗa a bukukuwa, walima ta maye gurbin abubuwa da yawa, kuma akwai alheri a ciki, don an kashe bidi'o'in da suka daɗe suna talauta mutane. Wasu kan ce ita ta rufe bakin gangunan makarantarmu. Ni ban yarda ba. Babu malamin da ya hana yaro gudu ko muhawara, babu wanda ya hana mace ɗaukar ƙwarya ta kai gudunmawa. Mu ne muka saki, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, sauran kowa ya ce aikin gwamnati ne.

A cikin waɗannan shekarun ne Gwaggo ta rasu, ta tsufa tukuf, ba ta yi doguwar jinya ba. Na zo daga Kabo ina tunanin zaman makokin zai zama na 'yan gida, don Baba ya riga ta, kuma wanda bai bar baya ba ba a cika daɗewa a ƙofarsa ba. Da na sauka sai na ga ƙofar gidanmu cike da maza a kan tabarmi, wasu da furfura. Masu buga gangar nan ne da 'yan ƙwallon da aka ci a Gwarzo da waɗanda suka biyo bayansu, yanzu wani direba, wani malami, wani mahauci, wani ma'aikacin asibiti. Ba gaisuwa suka zo yi ba, su suka zauna suna karɓar ta. A cikin gida ma haka, 'yan ajinmu mata sun kama girki ba wanda ya sa su.

Ina zaune cikin mata sai wata baƙuwa, amarya ce a unguwar ba ta san kan gari ba, ta yi mini ta'aziyya ta ƙara da cewa, "Allah sarki, an ce ko sau ɗaya ba ta taɓa haihuwa ba." Mai Daddawa tana gefe a jingine da bango, ta rankwafa, idonta ya kusa tafiya, ana zaton ma barci take yi. Sai ta ɗago kai ta ce, "Wa ya gaya miki? Ni nan na je bikin. Har akuya na kai."